Ƙarar da ke biyo bayan haske

Akwai abin da idona ya saba gani a daren wasan wuta, yanzu ya yi ƙaranci har sai ka neme shi. A shekarun 1990, ina ɗalibi a Amurka, duk wanda ya tsaya gaban fadar Cinderella a Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen shaƙatawa na Disney a jihar Filorida, ya san abin da zai biyo bayan harbin farko. Sama ta yi ja, ƙasa ta amsa, sai iyaye su fara kutsawa cikin taro suna neman hanyar fita, kowa rungume da yaro yana tsala ihu. Uwa ta dafe kunnuwan ɗanta da tafin hannu biyu, kanta a sunkuye, tana ba mutane haƙuri tana wucewa. Sun biya kuɗi masu yawa, sun wuni cikin rana suna bin layi, wannan lokacin suka yi ta jira, ga shi sun juya masa ƙeya.

Da na koma wurin kwanan baya tare da 'yata da iyalinta, yaran suna nan a kan kafaɗun iyaye kamar da, amma da yawansu sanye da marufin kunne, irin wanda ma'aikatan filin jirgin sama ke sawa, an ƙera shi daidai kan yaro. Wani shuɗi, wani ruwan hoda, wani kore. Har jarirai a cikin keken turawa, da nasu mai laushi da aka ɗaura da roba. Kuka bai ƙare ba, amma masu gudun nan sun ragu ƙwarai. Tafin hannun uwa ya samu mai karɓarsa.

Ni a Kano na fara sanin ƙarar albarushi, zamanin Sarki Ado Bayero. Ranar Hawan Daushe, tun la'asar ba ta yi sanyi ba mun cika filin Ƙofar Kudu, ina kan wuyan kawuna, hannuwana riƙe da hularsa. Ƙura, zufar dawaki, ƙamshin turaren sababbin riguna, algaita tana tashe, kakaki yana ratsa komai. Sai 'yan bindiga su iso. Ba da kunne kaɗai ake jin wannan harbi ba, a ƙirji yake sauka, ya biyo ƙafa. Hayaƙi fari ya turnuƙe, warinsa ya zauna a maƙogwaro har dare. Wasu yaran su yi shewa su bi hayaƙin da gudu. Wasu kuma su sandare, ido waje, sai can kuka ya ɓarke. A gidanmu akwai waɗannan akwai waɗancan, kuma kowa ya san wane ne wane.

Abin da kawuna yake yi bai taɓa fita daga raina ba. Shi ba sarki yake kallo ba a wannan lokaci, ɗan bindiga yake kallo. Da ya ga mutumin ya ɗaga bakin bindiga sama ya kau da fuska, sai ya matse mini ƙafa da hannu ya ce, "Ga ta nan." Kafin ƙarar ta zo na riga na shirya mata. Na ƙanƙame ido, na ji ta wuce, na buɗe na ga ina nan da raina, kawu yana dariya. Bai san komai game da ilimin ji ba, amma ya gane abin da masana halayyar yara ke maimaitawa yau: mafi yawan abin da ke razana yaro bazata ce. Ƙarar da ka san tana tafe daban take da wadda ta faɗo maka daga sama.

Sai dai ba kowane yaro ne ya samu irin kawuna ba, kuma ba zan yi wa wancan zamani kwalliyar da bai yi wa kansa ba. Yaron da ya yi kuka, musamman namiji, matsoraci ne, rago ne, an ce mata sun lalata shi. Akan ƙara matsawa da shi gaba wai don ya saba, a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya dawo gida yana zabura cikin barci, sai a ce firgita ce, a tofa masa addu'a, kaka ta goya shi ta yi ta zagaya tsakar gida har ya yi lamo. Addu'ar da goyon sun yi aikinsu, babu shakka. Amma sunan da aka laƙa masa da rana shi ma yana nan, wani har girmansa. Na san wani ɗan'uwanmu da ya daina zuwa kallon hawa tun yana ƙarami, kullum sai ya ce cikinsa ke ciwo ranar. Bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba sai da ya yi furfura.

Kuma akwai abin da manyanmu ba su da hanyar gani. A unguwarmu akwai wani tsohon ɗan bindiga da sai ka ɗaga murya kafin ya amsa gaisuwa. Aka ce tsufa ne. Mai injin niƙa ma kunnensa ya yi nauyi, aka ce shi ma tsufa ne, alhali bai kai hamsin ba. A can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai dubban ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ne ke mayar da girgizar iska saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce 60 ba. Daga 85 ne ake fara cewa ma'aikacin da zai wuni a wurin ya kare kunnensa. Wasan wuta, kusa da inda ya fashe, yakan kai 150 ko fiye. Ma'aunin kuma ba hawan tsani ba ne da kowane mataki daidai yake da na baya: duk ƙarin 10, ƙarfin ya ninka sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa irin wannan ƙara ta farat ɗaya kada ta wuce 140 a kunnen babba, a kunnen yaro kuwa 120. Dalili ɗaya shi ne ƙofar kunnen yaro gajera ce kuma siririya, don haka sautin da babba ya ji daidai, shi yakan iso masa da ƙari. Ashe yaron da ya toshe kunne yana kuka ba ƙarya yake yi ba. Abin da yake ji ba shi ne abin da mai ɗauke da shi yake ji ba.

A nan ne nake ganin manyanmu sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Zuciya tana sabo, kunne ba ya sabo. Tsoro yana raguwa in an bi shi a hankali. Dodon kunne kuwa ba ya ƙara ƙwari don an yi ta dukansa. In ka ga mutum ya daina damuwa da ƙara mai tsanani, wataƙila ba jarumta ba ce, ji ne ya fara tafiya. Abin da ke ba ni mamaki, mun san hanyar sabo mai kyau, muna amfani da ita a barga. Duk mai doki ya san ba a ɗaukar ɗan dukushi a tsayar da shi gefen ɗan bindiga ranar farko. Daga nesa ake fara ba shi ya ji, ana shafa wuyansa, ana matsowa kaɗan-kaɗan, har ranar da zai tsaya cikin hayaƙi bai ɗaga ƙafa ba. Haƙurin da muka yi wa dawaki ba kullum muka yi wa 'ya'yanmu shi ba.

Jikana yana da shekara huɗu, kuma yana cikin masu jin ƙara fiye da kowa. Injin markaɗe, na'urar busar da hannu a banɗakin kasuwa, ƙararrawar gobara a makarantarsu, duk sukan sa ya dafe kai ya durƙushe. Irin wannan hali ya fi yawa a yara masu lalurar otizim, amma ana samunsa a yara da yawa da ba su da ita, wasu kuma yana sakinsu in sun girma. Yadda uwarsa ta shirya shi ya tuna mini da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin a tashi ta fara nuna masa bidiyon wasan wutar a waya, sauti a kashe. Daga baya ta ba shi wayar ta ce shi zai riƙa ƙara sautin da yatsansa, in ya ishe shi ya rage. Marufin kunnen ma tun a gida ya saba da shi, yana sawa yana cirewa cikin wasa, ya sa wa 'yar tsanar ƙanwarsa, ya sa mini.

"Baba," ta ce da ni, "in ranar ce zai fara ganin abin, shi ma wani abin tsoron ne. Kuma na gaya masa duk lokacin da ya ce a tafi, tafiya za mu yi, ko minti ɗaya aka yi da farawa."

Na ce mata kuɗin tikitin fa? Ta ce kuɗin sun riga sun tafi, ko an tsaya ko ba a tsaya ba.

Daren farko ma ba mu shiga taron ba. Mun tsaya a bakin tafkin Seven Seas Lagoon, a yashin otal ɗin Polynesian, fiye da kilomita ɗaya daga fadar, inda ake sako kiɗan wasan ta lasifika. Nisa magani ne mai sauƙin lissafi: a fili, duk lokacin da ka ninka tazara, ƙara takan ragu da kusan desibel 6. Kuma nisan ya ba mu wata kyauta. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa tafiyarsa mita 340 da 'yan kai ce a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita ɗaya takan ci masa kusan daƙiƙa uku. Sai ka ga furen wuta ya buɗe a sama shiru, ya fara zubowa, sannan dum ɗin ya iso. Na durƙusa kusa da shi na ɗaga gefen marufin kaɗan.

"Abokina, in ka ga hasken ka fara ƙirga. Kafin ka kai biyar za ta zo."

Ya ƙirga da yatsu, ƙarar ta zo, ya zabura, ya kalle ni. Na biyu ya ƙirga da ƙarfi. Can sai ga shi shi ne ke sanar da ni: "Kaka, ga ta nan!" Ban koya masa kalmar ba, daga bakina ya tsince ta ban sani ba. Kafin a gama ya zame marufin daga kunne ɗaya da kansa, ya saurara, ya mayar. Babu wanda ya ce ya cire, babu wanda ya ce ya mayar.

Su kansu masu filayen sun canza, ko da yake a hankali. An buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955, kuma kafin shekarun 1950 su ƙare aka fara wasan wuta don baƙi su tsaya har dare. Da hannu ake kunna su a lokacin. Na Filorida ya biyo baya a 1971. A 2004 Disneyland ta koma harba wutar da matsattsiyar iska maimakon albarushi, abin da ya rage hayaƙi da ƙarar tashi daga ƙasa, ko da yake fashewar sama tana nan yadda take. A 2018 wani fili mai suna Sesame Place, kusa da Filadelfiya, ya zama na farko da ya samu shaidar dacewa da yara masu otizim: ɗakunan shiru inda yaro zai huta, marufin kunne ga mai buƙata, da jadawalin da ke gaya wa iyaye tun daga gida yawan ƙara da hasken kowane wasa. Abin da a da ake ɗauka matsalar uwa ce ita kaɗai, ta ji kunya ta fice, yanzu ya shiga cikin tsarin wurin.

Kuma ƙarar kanta ba dole ba ce kamar yadda muka zata. Launukan daga gishirin ƙarafa suke fitowa, ja daga sitirontiyam, kore daga bariyam, shuɗi daga jan ƙarfe, dabarar da Italiyawa suka inganta a shekarun 1830, ƙarnuka bayan Sinawa sun gano albarushi. Akwai kuma nau'in da ake haɗawa don ƙara kawai, ba shi da wani launi sai walƙiya fara da bugun ƙirji. Wato wani ne ya zaɓi a razana mu, domin muna son hakan. Wani gari mai suna Collecchio a Italiya ya kafa doka a 2015 cewa masu ƙarancin ƙara za a riƙa harbawa, saboda dabbobi. Ƙananan jirage marasa matuƙi ma sun shigo: 1,218 aka jera a sama don bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a 2018, kuma filin Disney na Faransa ya sa su cikin wasan dare a 2022 da ya cika shekara 30. Suna zana duk abin da aka ga dama, ba hayaƙi, ba fashewa, sai ɗan gunji.

Na ga irin wannan wasa, ya burge ni, amma ban ji shi a jikina ba. A nan nake tsayawa in yi lissafin abin da ake rasawa. Akwai wani abu a cikin mutum dubu goma su zabura lokaci ɗaya, su sauke numfashi lokaci ɗaya, baƙo ya kalli baƙo su yi dariya. Tsoron da ka san ba zai cutar da kai ba, kana cikin mutane, hannun wani yana riƙe da ƙafarka, yana daga cikin daɗin yarinta, kuma ina jin yana koya wa yaro cewa abu zai iya girgiza shi ya wuce ya bar shi lafiya. Mu da muka tsaya a bakin tafki mun tsira da kunnuwanmu, amma hotunan da ake haskawa a jikin bangon fadar, waɗanda tun 2017 suka zama rabin wasan, ba mu ga komai a cikinsu ba sai launi yana motsi. Ba na so a wayi gari an kashe ƙarar gaba ɗaya. Abin da nake so shi ne a bar wa kowane yaro ya zaɓi tazararsa.

Marufin ma yana da iyakarsa. Na yara yakan rage desibel ashirin da wani abu in ya zauna daidai. In gashi ko hula ko sandar tabarau ta ɗaga shi, ƙara ta samu ƙofa. Bugun ƙirji kuwa ba ruwansa da kunne, yana nan. Ƙananan abubuwan cusawa cikin kunne ba su dace da ƙananan yara ba, don suna iya kai su baki su shaƙe. Likitocin kunne kuma suna jan hankali cewa kada ya zama hular kullum: yaron da ake rufe wa kunne a kasuwa, a mota, a falo, kunnensa yakan ƙara tsananin ji, har ƙarar da kowa ke ɗauka ta gagare shi. A wannan gaɓar maganar manya ta sabo tana da gaskiya, in dai ƙarar yau da kullum ake nufi, kuma a hankali.

Abin da ya fi damuna na gan shi a dare na biyu, da muka shiga cikin filin muka tsaya can baya kusa da ƙofar fita. Wani yaro a gabanmu, marufinsa mai kyau a kai, jikinsa yana ɓari, ya ƙanƙame wandon mahaifinsa. Uban ya ɗaga waya sama da hannu biyu yana ɗaukar bidiyo, uwar ma haka. Ba mugunta ba ce, sun sayi abin da aka ce su saya, sun sa masa, a ganinsu an gama. Amma yaron da aka rufe wa kunne ba ya jin muryarka sosai, shi ya sa ya fi buƙatar hannunka da fuskarka. Tafin hannun uwa na da bai kai marufi rage ƙara ba ko kusa, kowane ma'auni zai nuna haka. Sai dai uwar da hannayenta biyu ke kan kunnen ɗanta ba ta da hannu na uku da za ta riƙe wani abu, kuma tana jin lokacin da jikinsa ya fara rawa.

A gidajenmu na da hannaye suna da yawa. Uwa ba ta rarrashin ɗan fari a gaban mutane saboda kunya, amma ga kaka, ga gwaggo, ga yaya, ga kishiyar uwa, wani dai zai ɗauka. 'Yata tana rungume ɗan farinta a tsakiyar taro tana kiran sunansa, abin da mahaifiyata ba ta taɓa yi mini ba, kuma na yi murna da wannan. Amma ita da mijinta su biyu ne rak, da yara biyu, a ƙasar da maƙwabci ba ya taɓa ɗan wani. In ɗaya ya fita da mai kuka, ɗayan ya zauna da jaririya, shi ke nan hannaye sun ƙare. Ina ganin rabin kayan nan da ake saya, wannan giɓin suke ƙoƙarin cikewa.

Ko a gida ma ƙara ta sauya ma'ana. Da, in aka ji bindiga daga fada da daddare, murna ce, an ga wata. Wanda kuwa ya kwana a Kano ranar 20 ga Janairu 2012, ranar da bama-bamai suka tashi a garin, har yau in abu ya fashe sai ya fara duban ƙofa kafin ya tambayi mene ne, kuma 'yan sanda sun sha hana wasan nakawut lokacin bukukuwa. Manya da yawa yanzu sun san abin da yaron nan mai kuka yake ji, ba sai an yi musu bayani ba.

'Yata tana so ta kawo yaran gida da Ƙaramar Sallah mai zuwa, in Allah ya sa aka yi hawa, domin 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi. Ta tambaye ni ko mutane za su yi wa yaron dariya in suka gan shi da abu a kunne. Na ce za su yi, wasu ma za su ce Amurka ta lalata shi, kuma ni zan amsa musu, ba shi ba. Na riga na yi magana da ƙanena ya nema mana wuri a saman soro, nesa da inda 'yan bindiga ke tsayawa, inda za a hango su tun suna ɗura albarushi. Da matarsa ta ji dalili, sai ta karɓi wayar ta ce in taho mata da guda biyu, akwai jikokinta da ba a fita da su kallo tun bara waccan.